Su a kan ƙanƙara, su a ƙasar Daura: babban aikin yana farawa ne bayan kifi ya fito daga ruwa

A daidai watannin da iskar hunturu ke kaɗawa a ƙasar Hausa, masunta a arewacin Turai da Kanada kan huda ƙanƙarar da ta rufe tafkuna domin su kama kifi. Sanyin da ke gallaza musu shi ne kuma ke adana musu abin da suka kama, alfarmar da masuncin Daura bai samu ba.

Ƙasar Daura dai ba ƙasar ruwa ba ce. Masarautar, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da kuma Zango, tana can ƙuryar arewacin jihar Katsina a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda damina ba ta cika wuce watanni huɗu ba, kuma babu wani babban kogi da ke gudana rani da damina. Hatta ma labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, idan aka yi masa duban tsanaki, labari ne na ƙarancin ruwa: gari sukutum ya dogara ga rijiya ɗaya, wadda ba a ɗibanta sai ranar Juma'a. Amma duk da haka ana yin su a wannan ƙasa, albarkacin madatsun ruwa irin na Daberam da Sabke, waɗanda aka gina domin ruwan sha da noman rani, da kuma tafkuna da kududdufan da ke cika da damina su janye da rani.

Wanda ya shiga kasuwa a yankin zai tarar da kifi iri uku. Akwai ɗanye, wanda aka kamo daga madatsa ko kuma aka yi kiwonsa a gida. Akwai banda, wadda akasarinta ke yawo a kasuwannin arewa daga fadamun Haɗeja da Nguru da kuma yankin Tafkin Chadi. Sai kuma daskararren kifin teku na cikin kwali, wanda aka fi sani da kifin ƙanƙara, da ake shigo da shi ta tashoshin jiragen ruwa na kudu daga ƙasashe irin su Norway da Holland da Rasha. Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, a yayin da abin da take samarwa bai wuce sulusin wannan adadi da kaɗan ba, dalili ke nan da ya sa kifin kwali ya kai har ƙauyukan bakin iyaka. To sai dai a ƙasashen da wannan kifi ke fitowa akwai wata sana'a ta dabam da ta fi cancantar sunan, wato kamun kifi a tsaye a kan ƙanƙarar kanta.

Rami a tsakiyar tafki

A ƙasar Finland, mai tafkuna kimanin 188,000, ruwa kan daskare tun daga ƙarshen shekara har zuwa watan Afrilu, a arewacin ƙasar ma ya zarce haka. Abin da kan ɗaure wa mutumin ƙasa mai zafi kai shi ne yadda kifi ke rayuwa a cikin tafkin da ya zama tamkar daɓe. Dalilin kuwa yana ga ɗabi'ar ruwan ne. Ruwa ya fi nauyi a lokacin da sanyinsa ya kai digiri 4 a ma'aunin Celsius, saboda haka sai ya nutse ya kwanta a ƙasa, a yayin da ƙanƙara, wadda ta fi shi rashin nauyi, take tsayawa a sama ta zama murfi. Wannan murfi shi ke hana sanyin waje ratsa sauran ruwan. Ta haka ne za a iya samun digiri 25 ƙasa da sifiri a sarari, amma can ƙarƙashi kifi na ta kai da komowa, ko da yake a hankali.

Masunci kan fita da sanyin safiya yana jan kayansa a kan wani ɗan akwati mai sulɓi. Yana ɗauke da wani ƙarfe mai murɗawa, kwatankwacin na masu haƙar rijiyar burtsatse, sai dai ƙarami ne na hannu, wanda da shi yake huda ramin da faɗinsa bai fi tafin hannu ko ɗan faifai ba. Sandar fatsarsa gajera ce ainun, ba ta fi kamu ɗaya ba, domin babu inda zai wurga ta. Yakan zura zaren ne kai tsaye, a bakinsa da wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ke kama da ɗan tsakon kifi, ko kuma ƙugiya mai tsutsa, sa'an nan ya dinga ɗagawa yana saukewa. Idan ya ɗan jima bai ji motsi ba sai ya tashi ya huda wani ramin a gaba. Mutum ɗaya kan huda ramuka gommai a yini.

Kifin da aka fi nema ta wannan hanya shi ne wanda Turawan Ingila ke kira perch, Jamusawa su ce Barsch, 'yan Finland kuwa, waɗanda suka ɗauke shi a matsayin kifin ƙasa, suna ce masa ahven. Ɗan madaidaici ne, yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce santimita 15 zuwa 30 ba, da wuya kuma a samu mai kilo guda. Jikinsa kore-kore ne da baƙaƙen zane a tsaye, fukafukansa na ƙasa jajaye, ga ƙayoyi masu tsini a gadon baya. Wani ɗan'uwansa mai ruwan ɗorawa shi ne ake bi a Amurka da Kanada, a wurare irin su Tafkin Simcoe na lardin Ontario. Abin da ya sa ya dace da wannan su shi ne, saɓanin wasu kifayen da kan lafa idan sanyi ya tsananta, shi yana ci gaba da farauta, kuma garke-garke yake tafiya. Wanda ya dace da garke yana iya cika bokiti a rami ɗaya, maƙwabcinsa da ke taku ashirin daga nan kuwa ya tashi hannu rabbana. A Finland doka ta ba kowa damar yin wannan su ba tare da lasisi ba, in ban da a wasu keɓaɓɓun ruwaye, shi ya sa ake ganin tsofaffi da yara da mata a kan tafki a ƙarshen mako.

Sana'ar ba ta rasa haɗari ba. Hukumomin jihar Minnesota ta Amurka na ba da shawarar kada mutum ya taka sabuwar ƙanƙara sai kaurinta ya kai santimita 10, mota kuwa tana buƙatar ninkin haka har sau uku ko kusa da haka. A watan Fabrairun 2009 wani makeken ɓangaren ƙanƙara ya ɓalle daga gaɓar Tafkin Erie a jihar Ohio, ya yi gaba da masunta a kansa, sai da aka yi amfani da jirage masu saukar ungulu da na ruwa kafin a ceto mutane 134, mutum ɗaya kuma ya rasa ransa. Ɗumamar yanayi ta ƙara dagula lamarin, kasancewar a wurare da dama ƙanƙarar kan makara wajen kamawa, ta kuma yi saurin narkewa.

Amma da zarar kifin ya fito daga rami, to masunci ya huta da fargaba. Yakan kashe shi nan take ya ajiye a cikin dusar ƙanƙara, kuma zai iya ci gaba da zamansa har la'asar ba tare da tunanin ƙuda ko wari ba. A gida ma gyaran ba shi da yawa. Da yake ɓawon jikin wannan kifi yana da taurin kankarewa, da yawa ba sa ɓata lokaci a kansa: sukan tsaga fatar ta gefe biyu na ƙayar baya, su fizge ƙayar, su tuɓe fatar ɗungurungum kamar an cire riga, sa'an nan su yanko tsokar gefe biyu. Tsoka ce fara mai ƙarancin kitse, wadda ake barbaɗa wa gari da gishiri a soya da man shanu na 'yan mintoci. Kai da ƙashi kuma su tafi tukunyar romo. A gidajen abinci na bakin Tafkin Geneva wannan 'yar tsoka ta yi sunan da kifin tafkin ba ya wadatarwa, har sai an shigo da mafi yawanta daga wasu ƙasashe.

Sai dai sanyi ba ya maganin komai. Wannan kifi na daga cikin masu ɗauke da 'ya'yan wata tsutsar ciki mai faɗi, wadda kan yi tsawon mitoci da dama a hanjin ɗan'adam, har ta jawo ƙarancin jini. A da ta yi katutu a gabashin Finland, inda aka saba cin kifi ɗanye da ɗan gishiri kawai. Dafawa sosai ko daskarewa mai tsanani ne ke kashe ta.

Mai suna ɗaya, ba dangi ɗaya ba

A harsunan Turai sunan wannan ɗan kifi ya bi wani ƙaton kifi da Bahaushe ya sani sarai, wato giwan ruwa, wanda suke kira perch na kogin Nilu. Sun yi kama a ƙira da ƙayar baya da kuma halin cin ƙananan kifaye, amma masana sun raba su gida dabam-dabam, girma kuwa ba a haɗa su, domin giwan ruwa na iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200. Shi ne abin nema a bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kebbi, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta shigar da shi jerin al'adun gado na duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

Tarihin giwan ruwa a gabashin Afirka ya nuna yadda batun adanawa ke juya makomar al'umma. An zuba shi a Tafkin Victoria a shekarun 1950, ya zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ya cinye ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifayen da mutanen gaɓa suka saba shanyawa a rana. Shi kuwa saboda yawan kitsensa ba ya shanyuwa, sai an banda shi, lamarin da ya ƙara cin dazuzzukan yankin. Waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masana'antun da ke da ƙanƙara da ɗakunan sanyi a garuruwa irin su Mwanza ta Tanzaniya, inda ake yanke tsokar a ɗora a jirgin sama zuwa Turai. A 1999 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen kifin tafkin bisa zargin cewa wasu na kamun kifi da guba, ba a kuma janye takunkumin ba sai a shekarar da ta biyo baya.

A ƙananan madatsun arewacin Katsina ba kasafai ake katari da giwan ruwa ba, domin yana son ruwa mai faɗi da zurfi. Abin da ya fi faɗawa komar masuncin Daura shi ne karfasa da tarwaɗa, kifaye biyu masu jure wa ruwa mai laka da zafi. A fadamu kuma akwai gaiwa, wadda idan ruwa ya ƙafe takan shige cikin taɓo ta lulluɓe kanta da majina, ta yi ta shaƙar iska har damina ta dawo. Idan kifin Turai ya koyi zama a ƙarƙashin ƙanƙara, ita gaiwa a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa ta koyi nata zaman. Kayan aikin kuwa sanannu ne a duk ƙasar Hausa: birgi da ake wurgawa, kalli da ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana, taru da ake ja, mamari mai jerin ƙugiyoyi, sai gura da ake dasawa da ɗan dusa a ciki. Wani a kwalekwale yake shiga, wani kuwa gora ce jirginsa.

Hunturu na taɓa wannan su ta hanyarsa. Karfasa kifin ɗumi ce, idan sanyin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 sai ta rage ci da motsi, ta koma inda ya fi zurfi, saboda haka mai fatsa kan sha zama a watannin Disamba da Janairu, shi kuma mai shiga ruwa da asuba ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma a waɗannan watanni ne kaɗai yanayi ke ɗan tausaya wa kifin da aka kama, da yake iska busasshiya ce, safiya kuma da sanyi. Daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwa ya janye kifi ya taru wuri ɗaya, kamu ya fi yawa, a daidai lokacin ne kuma zafi ke haura digiri 40. Wato dai an fi samun kifi a lokacin da ya fi saurin lalacewa. Haɗarin masuncin nan ma dabam ne: ba ya tsoron ƙasa ta tsage da shi, amma yawan shiga ruwan da ba ya gudu na jawo tsargiya, wadda ake ɗauka daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a irin waɗannan ruwaye.

Tsere da rana

Kifi na fara lalacewa ne tun daga lokacin da ya mutu. Ƙwayoyin cuta da ke cikin hanjinsa da yauƙin fatarsa da kuma jan naman da yake numfashi da shi a ƙarƙashin kumatu sukan bazu cikin tsoka, su kuma sinadaran da ke narkar masa da abinci su juya su fara narkar da cikinsa. Zafi ne ke gaggauta duka biyun. Kifin da aka binne cikin ƙanƙara yana iya yin mako guda zuwa biyu, kifayen ruwan ɗumi irin su karfasa ma sukan wuce haka, alhali a zafin bazara rabin yini ya isa ya sauya. Akwai kuma wani abu da mai saye ba ya gani. Kallin da aka shimfiɗa da magariba ba a ɗaga shi sai da asuba, don haka kifin da ya maƙale ya mutu tun tsakar dare ya riga ya yi sa'o'i a cikin ruwa mai ɗumi kafin ma ya iso gaɓa. A nan tarwaɗa ta yi zarra, domin tana iya shaƙar iska, tana kuma daɗewa da rai a cikin ɗan ruwa a baho, abin da ya sa dillalai ke son ta, masu kiwon kifi kuma suka fi karkata gare ta.

Wannan tsere da rana shi ke yanke farashi a bakin ruwa. Manomin gero idan bai ji daɗin tayi ba yana iya mayar da buhunsa rumbu. Masunci ba shi da wannan zaɓi, kuma mai saye ya san haka. Duk sa'ar da rana ta ƙara ɗagawa, bakin masunci na ƙara mutuwa a ciniki. Ƙa'idar da masana ke bayarwa a ƙasashe masu zafi ita ce kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi, a farfasa ta a jera ta bene-bene tare da kifin, a kuma bar wa ruwan da ya narke hanyar fita. Faɗar haka ya fi yin sa sauƙi a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma masu ruwan leda da zoɓo da ƙunun aya ke rububin ƙanƙarar da ta samu, balle idan azumi ya faɗo a lokacin zafi. Matakin da ba ya cin ko kwabo, amma ake yawan sakaci da shi, shi ne a farke cikin kifin tun a gaɓa, a cire kayan ciki da jan naman kumatu ba tare da an fasa maɗaciya ba, a wanke da ruwa mai tsabta, a ajiye a inuwa a rufe da jiƙaƙƙen buhu, maimakon a zube shi a kan yashi.

Abin da ya rage wa wanda bai sayar ba shi ne wuta. Banda ita ce firjin ƙasar Hausa tun kafin a san lantarki. Ɗanyen kifi kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne, aikin banda kuwa shi ne korar wannan ruwa har ƙwayoyin cuta su rasa wurin zama. Akan gyara kifin a sa masa gishiri, a bari ya tsane, babba a yanka shi gunduwa-gunduwa, tarwaɗa kuma a lanƙwasa ta a soke wutsiya da kai da tsinke. Daga nan sai a jera a kan ragar waya bisa murhun laka ko rabin ganga. Wutar farko ita ke dafa shi, ta biyu kuwa, wadda ake yi da garwashi a hankali ana juyawa, ita ke busar da shi. Wanda aka yi wa wutar yini ɗaya ya fi taushi da daɗi, amma kwanakinsa kaɗan ne. Wanda ake so ya yi watanni sai ya kwana biyu ko uku ko fiye a kan murhu, har ya zama kilo 3 zuwa 4 na ɗanye sun koma kilo 1.

A ƙasar da hamada ke matsowa, har aka sanya ta cikin layin shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, itacen da banda ke ci ba ƙaramin abu ba ne. Itatuwa masu garwashi mai ƙarko irin su ƙirya da marke sun yi wuya, kuma buɗaɗɗen murhu yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. An daɗe da samo mafita a wasu wurare. A 1969 aka ƙirƙiro murhun Chorkor a wata unguwar masunta ta birnin Accra, da haɗin gwiwar hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da cibiyar binciken abinci ta ƙasar Ghana da kuma matan unguwar. Dabarar ba ta wuce a ɗora tire-tiren katako masu ragar waya ɗaya bisa ɗaya a kan murhun laka ba, ta yadda wuta ɗaya za ta yi aikin da a da sai wuta da yawa. Cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja ita ma ta ƙera nata murhun. Daga baya kuma aka fito da samfurin FTT a Thiaroye ta ƙasar Senegal, wanda ke raba kifi da harshen wuta, ya tare kitsen da ke ɗiga. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga lafiya, domin kitsen da ya ɗiga a wuta da kuma baƙin hayaƙi su ke haifar da wasu sinadarai masu jawo ciwon daji, waɗanda Tarayyar Turai ta tsaurara iyakarsu a kifin banda tun daga 2014. Kifin da ya yi baƙi ƙirin ba shi ne ya fi gasuwa ba. Wanda kuwa aka hura wa wuta da leda ko roba ko katako mai fenti, bai kamata ya shiga tukunya ba.

Bayan wuta sai ƙwari. Idan banda ba ta bushe sosai ba ƙudaje kan yi mata ƙwai ta yi tsutsa, idan kuma ta bushe akwai wani ɗan baƙin ƙwaro da 'ya'yansa masu gashi ke cinye tsokar daga ciki su bar fata da ƙaya. A nan ne wasu 'yan kasuwa ke aikata abin da ya fi kowane haɗari muni, wato yayyafa wa kifi maganin ƙwari. A da Gamalin 20 ne ya yi ƙaurin suna, har wajen zuba shi a ruwa domin kifi ya taso, kafin a sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009. Daga baya aka koma ga fiya-fiya da Sniper, waɗanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ire-irensu a kasuwanni da kantuna a 2019. Wankewa ba ta ba da tabbacin fitar da irin wannan guba. Tulin busasshen kifin da ƙuda ba ya kusanta a kasuwar da ƙudaje suka cika, ko mai warin magani, abin a yi hattara da shi ne. Hanyoyin da ba su da illa sanannu ne, sai dai suna buƙatar wahala: isasshen gishiri tun farko, mayar da kifin kan wuta lokaci-lokaci, da kuma ajiye shi a mazubin da iska ba ta shiga, irin dabarar buhunan nan masu leda biyu a ciki da manoman wake suka sani.

A madafa

Uwargida da ta san kifi ba ta buƙatar a gaya mata lokacin da aka kamo shi. Idon sabon kifi a cike yake yana sheƙi, naman kumatunsa ja ne, idan aka danna tsokarsa da yatsa takan dawo, ƙarninsa kuma na ruwa ne, ba wari ba. Karfasa akan kankare ta daga wutsiya zuwa kai, a datse ƙayoyin baya tun da farko domin sukarsu na da zafi, a kankare baƙar fatar da ke shimfiɗe a cikin cikinta, sa'an nan a tsattsaga gefenta domin gishiri da tafarnuwa da citta su shiga. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, matsalarta yauƙi ne, wanda ake fitarwa da gishiri da lemun tsami ko toka, ko kuma a kwarara mata ruwan zafi na ɗan lokaci, abin da ke sa naman ya ɗaure kada ya farfashe a farfesu. Mai yin farfesun ba ta juya shi da ludayi, tukunyar take girgizawa. Banda kuwa sai an jiƙa ta a ruwan zafi da gishiri, an ɓare an duba cikinta saboda yashi da ƙwari, an tsince ƙaya, kafin ta shiga miyar kuka ko ta kuɓewa. A gidan da nama ya gagara, 'yar wannan banda da ake marmasawa a miya ita ce sau da yawa abin gina jiki da yara ke samu, a jihar da ke cikin waɗanda tamowa ta fi addaba. Matsakaicin abin da mutum ɗaya ke ci na kifi a duniya ya kai kimanin kilo 20 a shekara, na Najeriya bai kai haka ba, na arewacinta kuma ya gaza na kudu nesa ba kusa ba.

Duk wannan ya dogara ne ga a samu kifin a ruwa. Madatsun da aka gina a ƙasa mai yashi kan cike da laka shekara bayan shekara, zurfinsu na raguwa, ga ƙafewar rani, ga masu noman rani da ke jan ruwa da injuna. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, in ban da wajen kamun wasu nau'o'in da ba sa girma. Amma ba abin mamaki ba ne a ga ana jan gidan sauro a bakin ruwa, wanda ke kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Ga karfasa ɓarnar ninki biyu ce, da yake uwar a bakinta take renon ƙwai da 'ya'yanta, don haka kama ta a wannan lokaci kama ɗaruruwa ne. A Argungu ana samun manyan kifaye ranar biki ne saboda ana hana su a wannan sashe na kogin Matan Fada a sauran kwanakin shekara, kuma masu sarautar ruwa na gargajiya ne ke tsare wannan hani.

Ta fuskar sanyi kuwa, abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne faɗuwar farashin faifan sola, wanda ya sa firji mai aiki da hasken rana ya fara shiga shaguna da gidaje a garuruwan arewa, har wasu suka mayar da yin ƙanƙara sana'a. Kuɗin kafa shi ya fi ƙarfin masunci ɗaya mai kwalekwale da kalli biyu, saboda haka ko dai masuntan madatsa guda su haɗa kai su mallake shi a ƙungiyance, ko kuma ya kasance a hannun dillalin da ke sayen kifinsu.